Wai ƙaramin jirgin ƙasa ne, amma ya cinye rabin titi

Ɗan Gari: Ni fa masu tsara birane sun ishe ni. Duk taswirar layin dogo da za su zana sai sun cusa ta a babban titin tsakiyar gari, a ƙwace hannu biyu, a hana ajiye mota. A Edinburgh, babban birnin Scotland, an fara tono a 2008, jirgi bai ɗauki fasinja ba sai 2014, bayan an datse layin saboda kuɗi sun ƙi isa. Duk wannan wahala a kan wani ƙaramin jirgi! A zagaya da shi ta bayan gari mana.

Injiniya: Malam, gyara kalamanka. Wane ƙarami? Abin da tsawonsa kan wuce mita 30, ya kwashi mutum fiye da 200 a sahu ɗaya?

Ɗan Gari: Su da kansu suke ce masa ƙarami, ba ni na raɗa masa ba.

Injiniya: Ba girman jiki ake nufi ba. Bai kai jirgin ƙarƙashin ƙasa ɗaukar jama'a ba ne, kuma yana iya shan kwana a titi.

Malama: To ai ka maimaita maganarsa ke nan, Injiniya. Wanda bai kai wani ba, me sunansa in ba ƙarami ba?

Injiniya: Malama, akuya ba ta kai raƙumi ba, amma ba a ce mata kaza.

Direba: Ƙarami ko babba, birkinsa ba irin na mota ba ne, ƙarfe ne a kan ƙarfe. Da aka buɗe na Houston a Amurka a 2004, karo da motoci ya yi ta faruwa, galibi wurin juyawa hagu.

Malama: Direbobin ne ke karya doka. Ku dai ba ku taɓa laifi.

Direba: Hajiya, kin taɓa riƙe sitiyari a cunkoso?

Malama: Malama nake, ban je ba tukuna. Kuma shekarata nawa ina tuƙi.

Direba: Allah Ya kai ki. Amma tambayata tana nan.

Baba Dattijo: Yara, an bar jaki ana dukan taiki. Maganar bayan gari aka kawo. Mutum ba ya son takawa fiye da minti 10 zuwa tasha. In ka kai layin inda ba ofis ba kasuwa, kujeru za ka yi ta ja. Shi ya sa Strasbourg ta Faransa ta ratsa da nata ta tsakiya a 1994, ta rage motoci a wurin. Bordeaux kuwa, ita ma ta Faransa, don kada wayoyin lantarki su ɓata tsohon gari, ta ƙasa ta ba shi wuta.

Ɗan Gari: Baba, da girmanka, wa kake ce wa yara? Ina da jika.

Baba Dattijo: Allah Ya raya. Na janye.

Direba: A ɗaga shi sama kawai, kamar wani sashe na na Addis Ababa.

Injiniya: Ka san kuɗin gada? Ga matakala, tsoho da mai keken guragu su yi yaya in na'urar hawa ta lalace?

Direba: Ji yadda yake karewa. Injiniya, ko akwai kwangila ne?

Injiniya: Wallahi ka janye wannan.

Direba: Tambaya na yi.

Malama: Har yanzu dai ba a ba ni amsar ƙarami ba.

Ɗan Gari: Bari in taƙaita tunda ni na kawo maganar. An yarda tonon yana ɗaukar shekaru, an yarda yana karo da motoci, Injiniya ma ya amsa da bakinsa cewa ƙarami ne. Baba ya kawo garuruwan Faransa, amma shi ma ya janye. Bayan gari ke nan.

Baba Dattijo: Kalmar yara na janye, bawan Allah.