Ranar da gobara ta kusa tashi a gidanku: kowa ya ba mu labarinsa

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya Allah ne kawai ya tsare mu, har yanzu jikina rawa yake. Na ɗora mai a kasko, aka kira ni a waya, na fita. Kafin in dawo man ya kama da wuta. Na ɗebo ruwa zan watsa, ƙanwata ta riƙe mini hannu, ta kashe gas, ta kife murfin tukunya a kai. Nan take wutar ta mutu. Ashe ruwa in ya faɗa cikin mai mai zafi tururi yake zama, ya watsa wutar har rufin ɗaki. Don Allah wanda ya taɓa ganin irin wannan ya faɗa mana, mu ƙaru.

Baban Yara: Sannu Maman Biyu, Allah ya kiyaye gaba. Mu hita ce. An ɗauke wuta, muka bar ta cikin bokiti ba mu zare ba, muka kwanta. Tsakar dare aka kawo wuta, ruwan ya ƙafe, robar ta narke ta kama. Hayaƙin ne ba na mantawa, baƙi ƙirin, ko tafin hannuna ba na gani. Da rarrafe muka fita, don can ƙasa ake samun iskar shaƙa. Ga makullin ƙofa ya ɓata, tagogi kuma duk ƙarfe. Ina lalube yara na tari. Yanzu ƙusa ɗaya gare shi a gefen ƙofa, har autana ya san wurin.

Yaya Babba: Ni warin gas na ji da asuba. Hannuna har ya kai kan makunnin fitila na tuna ɗan tartsatsinsa ya isa. Na rufe kan tukunyar gas ɗin, na buɗe ƙofa da tagogi. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Da gari ya waye na shafa ruwan sabulu a tiyon, sai ga kumfa tana tashi wajen mahaɗa.

Malama: 'Yata ce ta ƙone a hannu, maƙwabta kowa na cewa a shafa man goge baki. Ban yarda ba. Ruwan sanyi na yi ta kwarara mata na minti 20, ba ƙanƙara ba, sannan muka tafi asibiti.

Maman Biyu: Sannu Malama, ya jikin nata? Yaya, tiyona ya daɗe ban duba ba. Bari in kaɗa ruwan sabulun yanzu.