Katin bashi huɗu ko guda ɗaya: muhawara kan kuɗin da bankunan Amurka ke mayar wa mai sayayya

Injiniya Bashir: Assalamu alaikum. Aminu ya tambaye ni katin da ya dace ya nema tun da yanzu ya fara ɗaukar albashi, sai na ga gara in kawo amsar nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa. A ganina, duk mazaunin Amurka da yake biyan cefane da man mota da tsabar kuɗi, ko da katin cirar kuɗi na asusunsa, asara yake tafkawa, kuma wanda ya tsaya kan katin bashi guda ɗaya ma bai gama karɓar rabonsa ba. Dabarar ita ce mutum ya riƙe kati uku ko huɗu, kowanne da wurin da ake fito da shi. Blue Cash Preferred na American Express yana mayar da kashi 6 cikin ɗari a manyan kantunan cefane, Discover it yana ba da kashi 5 a fannin da kamfanin ke zaɓa duk bayan wata uku, Chase Freedom Unlimited yana ba da kashi 3 a gidajen abinci da kantunan magani, sauran sayayya kuwa sai a ɗora ta kan Citi Double Cash ko Wells Fargo Active Cash, masu kashi 2 a kan komai. Wanda ya biya duk abin da ake bin sa kafin wa'adi ya cika ba a ɗora masa ko sisi na kuɗin ruwa, saboda haka abin da aka mayar masa kyauta ce tsantsa.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Injiniya, alƙaluman da ka kawo daidai suke, sai dai ka faɗi kason ka bar sharuɗɗan. Katin cefanen nan ana biyan dala 95 duk shekara kafin a riƙe shi, kuma kashi 6 ɗin yana tsayawa ne da zarar cefane ya kai dala 6,000, daga nan ya koma kashi 1. Wanda ya cika 6,000 ɗin ya samu dala 360, a cire 95, saura 265. Kamfanin yana da wani katin, Blue Cash Everyday, wanda ba a biyan kuɗin shekara, mai kashi 3, kuma a kan cefane iri ɗaya zai mayar da dala 180. Ke nan fifikon babban katin dala 85 ne ga magidancin da ya cika ma'aunin, kuma sai cefanen shekara ya kai wajen dala 3,170 kafin ma ya kamo ƙaramin. Aminu da bai ajiye iyali ba, da wuya ya kai nan. Shi kuma Discover, kashi 5 ɗinsa ya tsaya a sayayyar dala 1,500 cikin wata uku, wato dala 75, alhali kati mai kashi 2 zai ba da dala 30 a kan wannan sayayyar ba tare da mutum ya yi komai ba. Ragowar dala 45 ita ce ladan wahalar, kuma ba za a same ta ba sai an tuna an shiga an yi rajistar fannin, sannan fannin ya dace da abin da mutum yake saye da ma.

Injiniya Bashir: Malam Habibu, ban ga inda lissafinka ya rushe maganata ba. Ka tara dala 45 sau huɗu, ka haɗa da abin da katin cefane ya ɗara mai kashi 2, wanda ya kai dala 145 bayan an cire kuɗin shekara, za ka ga an haura dala 300 ban da gidajen abinci. Wannan buhunan shinkafa ne ga gidan da ke jiran ka a Kano ko a Maraɗi. Ban da haka, bankuna da dama suna ba sabon mai kati dala 200 idan ya kashe wani adadi cikin wata ukun farko, kuma hukumar harajin Amurka tana ɗaukar kuɗin da aka mayar a kan sayayya a matsayin rangwame, ba ta karɓar haraji a kai.

Hajiya Rabi: Bashir ɗana, kalmar kyauta ce ta sa na ajiye aiki na ɗauko waya. Ni ce nake tsaye a bayan kanta, kuma na san daga aljihun da kuɗin nan suke fitowa. Duk sanda aka goga kati a na'urata, ana cire mini la'ada tsakanin kashi 2 da 3 cikin ɗari na cinikin, kuma katunan da suka fi mayar wa masu su kuɗi su ne suka fi cizo. Ribar da ke kan katan ɗin doya ko galan ɗin manja ba ta da kaurin da zan yafe wannan, don haka tun kafin in liƙa farashi a jikin kaya na riga na sa la'adar a ciki. Tsohuwar da ta zo da dala 20 a ƙulle a bakin mayafi ta sayi daddawa da busasshen kifi, farashin da ka biya shi ta biya, amma kai aka mayar wa wani abu, ita ba a mayar mata ba. Gyara ce irin ta kasuwa: mai tumatir ba ta ƙara maka biyu a kan kashi sai ta san kuɗinsu ya riga ya shiga. Abin da ya sa kake ganin takarda a jikin kantar ƙananan shaguna cewa ba a karɓar kati a cinikin da bai kai dala 10 ba ke nan, kuma doka ta yarda mana mu yi haka.

Malam Habibu: Hajiya ta tuna mini da wani abu da ya shafi mutanenmu kai tsaye. Bankin ba ya duba abin da ke cikin ledarka, lambar da aka yi wa shagon rajista da ita yake dubawa. American Express ba ya lissafa manyan shagunan kayan masarufi irin su Walmart da Target da Costco cikin kantunan cefane masu kashi 6, kuma shagunan Costco na Amurka ba sa karɓar katin bashi sai na Visa. Mahaucin da ke sayar da naman halal da kantin kayan Afirka kuwa, wani an yi masa rajista a matsayin kantin cefane, wani ba a yi ba, wani ma ba ya karɓar American Express sam. Idan magidanci ya cire shinkafa da man girki da yake saye a Costco, ya cire rago da kaji na wurin mahauci, ya cire garin tuwo da yaji na kantin Hajiya, abin da ya rage wa katin nan mai kuɗin shekara bai taka kara ya karya ba.

Dakta Zainab: Abin da Hajiya ta gani a kantinta, hukumomi ma sun auna shi. A 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade la'adar da bankin mai kati ke samu a kashi 0.3 cikin ɗari kan katin bashi, shi ya sa 'yan uwanmu da ke Jamus da Faransa ba su san wannan gasar ta kashi 5 da 6 ba. A nan Amurka ma, da dokar 2010 ta rage la'adar katin cirar kuɗi na manyan bankuna, nan da nan yawancinsu suka daina mayar da komai a kansa. Wani binciken da Babban Bankin Amurka ya wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa ta hanyar katunan da ke mayar wa masu su kuɗi kimanin dala biliyan 15 ke tashi duk shekara daga hannun masu ƙarancin ilimi da ƙarancin hali zuwa hannun waɗanda suka fi su, domin na farkon su ne ke barin bashi ya kwana suna biyan kuɗin ruwa. Akwai kuma gwajin da malamai biyu na jami'ar MIT suka wallafa a 2001, inda aka yi gwanjon tikitin wasan ƙwallon kwando, waɗanda aka ce za su biya da kati suka taya kusan ninki biyu na abin da masu tsaba suka taya. Idan riƙe kati ya sa mutum ya ƙara kashe ko da kashi 3 ne a kan abin da ya yi niyya, to kashi 2 da aka mayar masa bai rufe ramin ba.

Injiniya Bashir: Hajiya, da girmamawa, maganarki da ta Dakta ƙarfafa ni suka yi. Tun da la'adar ta riga ta shiga farashi, ko na biya da tsaba ba za a rage mini ita ba, kuma ƙin karɓar kasona ba zai sa a mayar wa tsohuwar nan komai ba, banki ne zai haɗa ya riƙe. Na yarda in janye kalmar kyauta, in ce kuɗina ne nake karɓowa. Batun ƙarin kashe kuɗi kuwa halin mutum ne, kuma wanda ba ya iya kame hannunsa da kati huɗu, da guda ɗaya ma ba zai iya ba.

Malam Isuhu: 'Yan uwa, akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma ba fatawa zan bayar ba, abin da malamai suka faɗa zan isar. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin bashin da aka gindaya masa sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mai neman katin ya ƙudurta zai riƙa biya kafin wa'adi, domin ya riga ya sa hannu a kan sharaɗin. Wasu malaman da ke zaune a ƙasashen Yamma sun yi sassauci saboda larura, ganin cewa a nan wanda ba shi da tarihin biyan bashi yana shan wuya wajen samun gidan haya ko hayar mota, da sharaɗin ya biya duka a kan lokaci. To Injiniya, ko da sassaucin muka ɗauka, ƙa'idar da malamai suka kafa ita ce larura ana ɗaukar gwargwadonta ne. Kati ɗaya yana gina wa Aminu tarihin da yake buƙata. Na biyu da na uku da na huɗu, wace larura ce ta kawo su?

Injiniya Bashir: Allah ya gafarta Malam, wannan tambayar ba ta lissafi ba ce, kuma ba ni da ilimin da zan ja da kai a kanta. Zan kai ta ga limaminmu. Abin da na kawo shi ne wanda ya fi samu a aljihu ga wanda ya riga ya yarda ya riƙe katin.

Malam Habibu: To mu koma aljihun, domin nan ne na fi jin tsoro. Matsakaicin kuɗin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin ɗari tun 2023, shekarar da jimillar bashin katunan ƙasar ta zarce dala tiriliyan ɗaya. Wanda ya bar dala 2,000 a kan kati mai kashi 22 yana biyan kusan dala 37 a wata, kuma sai ya yi sayayyar dala 1,850 a kan kati mai kashi 2 kafin ya maido wannan kawai. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, da zarar an bar saura, sassaucin kwanakin da ba a lissafa ruwa yakan faɗi, sai sabuwar sayayya ma ta fara tara ruwa daga ranar da aka yi ta. Kati huɗu na nufin ranakun biya huɗu, kuma mantuwa ɗaya tana jawo tarar da ta kai wajen dala 30, in jinkirin ya kai kwana 30 kuma a rubuta shi a tarihin mutum, alhali biya a kan lokaci shi ne kashi 35 cikin ɗari na makin FICO, wato makin da bankuna ke auna amincin mai neman bashi da shi. Sannan ga abubuwa biyu da suka shafe mu musamman. Tura kuɗi gida da katin bashi, yawancin bankuna suna lissafa shi a matsayin cirar tsabar kuɗi, wadda ake cajin kashi 3 zuwa 5 nan take, ruwa ya fara hawa a ranar, kuma ba a mayar da komai a kai. Haka nan katunan nan biyu masu kashi 2, na Citi da na Wells Fargo, suna cire kashi 3 a duk sayayyar da aka yi a wajen Amurka, don haka wanda ya goga su a otal a Abuja ko a Makka ya fita da asarar kashi 1. Katunan Capital One da Discover ba sa cire wannan, sai dai Discover ba ko'ina ake karɓar sa a waje ba.

Aminu: Na gode wa iyaye da yayye. Ni dai ban taɓa riƙe katin bashi ba, kuma har yanzu ba ni da maki. Shin waɗannan katunan da ake ta ambata za a ma ba ni su kuwa?

Malam Habibu: Da wuya, Aminu, kuma kowace nema tana ɗan rage maki, don haka kada ka bi bankuna kana cike takardu. Irinka yakan fara ne da katin da ake ajiye jingina, misali dala 200, ya zama ita ce iyakar abin da za ka iya kashewa, ka sa asusunka ya riƙa biyan cikakken bashin da kansa duk wata, bayan kamar shekara guda sai ka nemi mai kashi 2 marar kuɗin shekara, idan ka natsu da maganar da Malam Isuhu ya kawo. Kai kuma Injiniya, ga abin da nake nema: ka fito da takardun lissafin katunanka huɗu na bara, mu tara abin da aka mayar maka, mu cire kuɗin shekara, mu gwada da kashi 2 na jimillar abin da ka kashe.

Injiniya Bashir: Na amince, amma a sa har da dala 200 ta maraba da aka ba ni a sabon katin.

Malam Habibu: Za a rubuta ta a gefe, domin sau ɗaya ake bayar da ita, kuɗin shekara kuwa duk shekara ake karɓa. Ka turo takardun ranar Asabar, ka rufe lambobin asusun kafin ka ɗauki hoto.