Tsara faifan fulofi ya ɗauki fiye da 1.44 MB

Injiniya486:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Fayil ne na kilobait 1,600 za a kai wa tsohuwar kwamfuta mai DOS 6.22, babu USB, fulofi kawai. Ba na son a raba shi biyu. Akwai yadda za a yi faifan HD, wato fulofi mai 1.44 MB, ya ɗauke shi gaba ɗaya?

Mai_Gyaran_DOS:
Wa alaikumussalam. Akwai, Malam. Faifan HD na zagaye sau 300 a minti, ana rubutu a kilobit 500 cikin daƙiƙa, don haka kowane layi, wato da'irar da ake rubutu a kanta, na ɗaukar bait 12,500. Tsarin da aka saba yana raba kowane layi zuwa sekta (yanki) 18 kawai, kowace bait 512, layi 80, fuska biyu: kilobait 1,440 ke nan, wanda ake kira 1.44 MB. Ragowar wurin ya tafi a alamun sekta da tazarar da ke tsakaninsu, wadda ta kai bait 108. In ka matse tazarar zuwa 12, sekta 21 za su shiga, ka samu kilobait 1,680. Shi ne tsarin DMF ɗin da Microsoft ta raba Windows 95 a kansa. Manhajar WinImage na yin sa. A DOS kuwa manhajar FDFORMAT, amma wasu tsofaffin BIOS (manhajar da ke cikin allon kwamfuta) suna cijewa a sekta ta 18, sai ka fara loda ƙaramar manhajar FDREAD a kwamfutar da za ta karanta. Kada ka dogara da DISKCOPY, umarnin DOS na kwafar faifai, ba ya kwafe irin wannan faifan.

Sekta21:
Ƙari kan bayanin Malam: da zarar tazara ta ragu, kwamfuta ba ta gama da sekta ɗaya kafin ta gaba ta wuce, sai ta jira zagaye guda. Shi ya sa ake jera su a tsallake, 1, 12, 2, 13, har ƙarshe. In ba haka ba, karatun zai yi nauyi har ka zaci faifan ya lalace. A Linux, ga umarnin tsara faifan:

fdformat /dev/fd0u1680
mformat -t 80 -h 2 -s 21 a:

Sai dai da na'urar fulofi da ke haɗe da allon kwamfutar kai tsaye. Yawancin masu USB ba su san komai ba sai kilobait 720 da 1,440.

Injiniya486:
Madalla. To tsarin kilobait 1,722 fa da nake gani?

Mai_Gyaran_DOS:
Sekta 21 ne dai, amma layi 82. Ni ban ba ka shawara ba. Wata na'urar kan karatunta ba ya kaiwa layi biyun ƙarshe, za ka ji yana bugun bango, abin da ke can kuma ba zai karantu ba. Tsarin XDF na IBM ya kai kilobait 1,840 ta hanyar gauraya sekta masu girma daban-daban, tsarin 2M ma ya ɗan zarce, amma DOS ba ya karanta su sai da direbansu. Fayil ɗinka zai shiga 1,680 har da rara. Yi amfani da faifai mai lafiya, ka bar manhajar ta tantance kowane layi, domin in saurin juyawar na'urar ya ɗan kauce, rubutun wata sekta zai hau kan alamar ta gaba. Ya fi aminci ka rubuta fayil ɗin da na'urar da ta tsara faifan.