Neman shawara: Boxer ɗin Baba ya tsufa, in buɗe inji ko in dakata?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Baba ne ya bar min Boxer ɗinsa, ƙaramin nan mai 100, tunda ciwon ƙafa ya hana shi hawa. Babur ne da ya sha hanya tsakanin gari da gona, mitarsa ma ta daina juyawa bayan ta haura kilomita 80,000, ga shi ya yi damina guda a jingine a zaure. Da safe sai na yi ta buga kik kafin ya tashi, yana hayaƙi, cen na ƙara, birkin baya kuwa sai na taka shi har ƙasa. Kuɗin sabo ba a magana. Ina da sifanu da filaya da sukurdireba, ina so in yi abin da zan iya a gida. Abokina ya ce in sauke inji kawai in sa sabon fistin da ringi. Ta ina zan fara?

Bakanike daga Zariya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, rabu da inji tukuna. Ka ce yana hayaƙi, amma ba ka faɗi launinsa ba, kuma nan maganar take. In shuɗi-shuɗi ne mai ƙauri, baƙin mai yake ƙonawa, a nan ne ake zargin ringi. In baƙi ne, fetur ya rinjayi iska, wannan aikin kafireta ne ko matatar iska, kuɗinsa kaɗan. In fari ne da sassafe, ya ɓace da inji ya ɗumama, ba komai ba ne.

Cire filogi ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Baƙi busasshe mai kunkunniya, fetur ya yi yawa. Baƙi jiƙe mai maiƙo, baƙin mai na haurowa.

Tunda ya daɗe a ajiye, zubar da tsohon fetur ɗin tanki, ka haska ciki ko akwai tsatsa. Fetur in ya kwana biyu yakan bar danƙo ya toshe ƙananan ramukan kafireta, musamman ƙaramin jet, shi ke sa babur taurin tashi da mutuwa a silo. Kwance kwanon ƙasan kafireta, ka wanke da fetur mai kyau, ka hura da iska. Kada ka zura allura ko waya mai kauri, ramin zai faɗaɗa, babur ya koma shan mai har abada. Ka shimfiɗa tsohon buhu, kowane noti ka ajiye shi a jere yadda ka ciro shi, ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka kwance komai.

Baban Ummi: Ni dai birkin nan ne ya tsaya min a rai. Babur ɗin da bai tashi ba bai taɓa karya kowa ba. Cire tayar baya ka duba shu ɗin birki, in ya cinye ka sauya, kada ka yi ta ɗaure notin saitin birkin baya kana yaudarar kanka. Ka duba wayar birkin gaba ko ta fara tsinkewa. Taya kuma akwai lamba huɗu a gefenta, misali 2318 na nufin mako na 23 a shekarar 2018. Ko zanenta bai goge ba, in gefen ya tsattsage, ta gama aiki.

Ɗan acaba mai ritaya: Ku bar yaro ya yi inji a wuce wurin. Babur mai irin wannan tafiya ai ringinsa ya gaji, ko yau ko gobe sai an buɗe.

Bakanike daga Zariya: Yaya, mai yiwuwa ne, amma ba a yi wa mutum fiɗa saboda shekarunsa. Na ga Boxer da ya fi wannan shan wuya, saitin bawul kawai aka yi masa ya koma tashi da bugu ɗaya. Kuma in silinda ta ci, sabon ringi ba zai hana hayaƙi ba, sai an kai masu inji sun faɗaɗa ta an sa fistin mai ɗan girma. Wannan ba aikin tsakar gida ba ne.

Ɗan Maraɗi: Baƙin mai fa, kowa ya manta. Ka ɗan ɗumama inji kafin ka juye, ya fi fita da datti. Sa 20W-50 na babur, kusan lita ɗaya yake ci, ka auna da sandar awo. Nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikinsa, don kulocin babur a cikin man yake wanka, wani man mota na sa shi zamewa. Kada ka sayi na awo a kwalba a bakin titi. Kuma wajen mayar da notin ƙasa, wanda ake cirewa a juye baƙin mai, ka fara da hannu, jikin injin alminiyom ne, in ka yi masa ƙarfi zaren ya tafi ka shiga uku.

Baban Ummi: Cen kuma da sifoket biyun tare ake sauya su. In haƙoran sun yi tsini sun lanƙwashe, sabuwar cen ba za ta daɗe ba. Ka bar mata wasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Ka tafi kasuwa da tsohon kayan a hannu, a gwada a gabanka.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na cire filogi, baƙi ne busasshe. Na buɗe gidan matatar iska, sai ga soson ya cushe da ƙura, har zanzaro ya yi gini a bakin bututun. Hayaƙin ma da na lura baƙi ne. In wanke soson ko in sayi sabo?

Bakanike daga Zariya: Madalla. Matsa shi a hannu, in yana marmashewa sayi sabo. In da sauran ƙwarinsa, wanke da kananzir, matse ba tare da murɗewa ba, ya bushe a inuwa, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka sake matsewa. Sa sabon filogi da sabon baƙin mai, ka hau shi mako biyu kana duba sandar awo kowace safiya a wuri mai daidai. In man bai ragu ba, gaya wa abokinka ya riƙe fistin ɗinsa. In yana raguwa, dawo ka faɗa mana nawa ya sha.