Mota na karkarwa daga kilomita 80 in an taka totur

Assalamu alaikum iyayen gida, masu aikin ƙasan mota a Damagaram. Akwai wata Toyota Corolla mai jan gaba a garejinmu, ta ƙi bayar da kai.

A cikin gari lafiya lau take. Sai an hau kwaltar Takieta an kai kilomita 80 zuwa 100 a awa ta fara karkarwa, sitiyari da ƙasan ƙafar direba duk suna rawa. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, da an ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi tsit, ko da gudun bai ragu ba. A hawan tudu kuwa abin ya fi muni.

An yi wa tayoyi huɗu ekilibraj, wato daidaita nauyinsu, iska bar 2,2 a kowace, an mayar da na gaba baya, ba abin da ya canza. Janti, wato ƙarfen taya, ba lanƙwasa, rotil, wato gaɓar da ke haɗa taya da ƙasan mota, ba wasa. Taka birki ba ya ƙara ta, shi ya sa muka cire farantin birki daga zargi.

Zatonmu ya fi ƙarfi kan kardan na ciki, wato gaɓar sandar da ke kai ƙarfin inji ga taya, wajen akwatin giya. Robarsa ta dama ta tsage, man ya fantsama, wanda ya rage ya cakuɗe da yashi har yana ƙaras-ƙaras a yatsa. Amma robar da ke riƙe inji ma ta ɗan zauna.

Don Allah, ta yaya ake bambance biyun kafin mai mota ya kashe kuɗinsa? In kardan ɗin ne, wanki da sabon giris da roba za su isa, ko dole a canza shi gaba ɗaya?