Karatun likitan haƙori a Kamaru: shekara nawa, kuma yaushe ɗalibi ke taɓa bakin mara lafiya?

Baban Hadiza, Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. 'Yata ta ci Bak D (jarrabawar gama sakandare ta ɓangaren kimiyya) bana, ta kafe sai likitan haƙori. Ina ake karatun, shekara nawa? Kuma wai da gaske ɗalibai ne ke cire wa mutane haƙori a asibitin koyarwa?

Malam Sale:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya albarka. Akwai sashen a tsangayar likitanci ta Jami'ar Yaunde 1, akwai kuma jami'a mai zaman kanta a Bangangte. Shiga sai an ci konkur, wato jarrabawar gasar shiga. Karatu shekara 7 ne, a ta ƙarshe a rubuta kundin bincike a kare shi. Shekarun farko duk ilimin jikin mutum ne da magunguna, kada ta zaci za a miƙa mata filaya tun ranar farko.

Hajiya Dije, Ngaundere:
Da gaske ne Alhaji, ɗalibai na cire haƙori, amma ba haka kawai ba. Sai ɗalibi ya daɗe yana aiki a kan kan roba mai haƙoran roba. A nan yake koyon huda da injin, ruwa na fesowa, don in haƙori ya yi zafi jijiyar ciki mutuwa take. A asibiti kuma malami na tsaye a kansa. A ɗauki hoto, a yi allurar kashe zafi, a jira 'yan mintuna, a girgiza haƙorin har ya saki, sannan a zare. Mai gaggawa shi ke karya saiwa a bar guntu cikin dasashi. Bayan cirewa a ciji auduga minti 30, ba kurkure baki sai bayan awa 24, ba sigari. In gudan jinin da ya toshe ramin haƙorin ya fita, rana ta 2 zuwa ta 4 ramin ya bushe, zafinsa ya fi na ciwon farko. Kayan aiki kuwa sai tukunyar tururi, digiri 134. Tafasawa a ruwa ba ta isa.

Ɗan Marwa:
Batun kundin bincike, 'yarka ba sai ta je nesa ba. Ruwan rijiyoyin yankin Mayo-Tsanaga a arewacin Kamaru yana da sinadarin fulorayid da yawa, shi ke sa haƙoran yara ɗigo-ɗigon ruwan kasa, mutane su ɗora wa goro. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 1.5 ne a lita. Ga kuma ciwon noma mai cin fuskar yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa. Daga kumburin dasashi da warin baki yake farawa, a wannan matakin maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki na tsayar da shi.