Aljabara ta zauna, saura sunan lissafin kusurwoyi

Malamai da ɗalibai, ina neman shawararku. Ina rubuta wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare bayanin tsofaffin tambayoyin lissafi na WAEC da NECO da Hausa, sai kalmomi biyu suka tsayar da ni, wato algebra da trigonometry.

Ta farko ba ta buƙatar dogon taro. Asalinta Larabci ne, daga sunan littafin da Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820 kan hisabin jabru da muƙabala. Jabru shi ne gyaran abin da ya karye, aikin da mu muke kira ɗori, kuma haka yake a lissafin: idan aka ce 2x − 5 = 11, sai a ƙara 5 a kowane ɓangare don a cike abin da aka rage, a sami 2x = 16, x ya zama 8. Na so in ce lissafin ɗori, amma ɗalibi zai ɗauka asibitin ƙashi za a tura shi. Aljabara ta shiga bakin Bahaushe ba gardama, kamar yadda alƙalami da aljihu suka shiga, don haka a bar ta.

Ta biyu ce mai ƙashi. Wasu na rubuta tirigonometiri, wadda ba ta gaya wa yaro komai sai nauyin harshe. Kalmar ta Girkanci ce, ma'anarta awon siffa mai kusurwa uku, Larabawa kuma suka ce hisabul musallasat. Mu muna da alwatika, wadda teloli suka san ta tun kafin ta shiga aji. Wani malami ya ce mini lissafin kusurwoyi ya fi, amma kusurwa tana ko'ina a darasin siffofi, alhali abin da ake nema a nan shi ne dangantakar kusurwa da tsawon gefuna. Ni dai lissafin alwatika na zaɓa.

Sai sunayen da ke cikinsa, wato sin, cos da tan, waɗanda kowannensu rabon tsawon wani gefen alwatika ne da wani. Larabawa suna kiran tan da zillu, wato inuwa, kuma duk wanda ya taɓa duba lokacin salla da sanda ya san dalili. Idan sanda mai tsawon mita 2 ta yi inuwa mai mita 2, rana tana kan digiri 45, domin tsayi a raba da inuwa ya ba da 1. Tambayoyin jarrabawa kan tsayin bishiya ko hasumiya duk wannan awon ne aka sauya wa riga, shi ya sa nake ganin awon inuwa ya dace da tan.

Sin kuwa tarko ce. Masanan Indiya sun kira ta jiva, tsirkiyar baka ke nan, Larabawa suka ce jiba suka rubuta ta da baƙaƙe ba wasali, daga baya aka karanta ta jaibu, wato wuyan riga ko aljihu, masu fassara zuwa Latin a ƙarni na 12 suka bi wannan karatun suka ce sinus, inda sin ta samo sunanta. Daga jaibu ɗin nan aljihunmu ya fito, amma ba zan gaji kuskuren karatu in ce wa yaro ya nemo aljihun digiri 30 ba.

Tunda takardar jarrabawa da Turanci take zuwa, alamomin sin, cos da tan za su zauna yadda suke a rubuce. A bayani zan riƙa cewa aljabara, lissafin alwatika da awon inuwa. Wanda yake da suna ga sin da cos wanda ya gwada a aji, ya kawo mu gani.